Jirgin Sama Ma Yana Ba da Gyara: Tafiyarmu daga Sabon Maci zuwa Yamai

  Wannan karo labarin tafiya muka kawo muku. Mu biyu muka yi ta da sunan ƙungiya, shugaba da ma'ajiya, cikin watan Disamba na 2024. Maganar jika 85 ce ta tashe mu daga gida, ba mu tsaya ba sai bakin filin jirgin sama na Yamai.

Ga yadda abin ya faro. Akwai dattijuwa cikinmu, kowa Gwaggo yake ce mata, tana cikin waɗanda suka kafa asusunmu. Shekara 7 ta yi tana tarin kuɗin Umra: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, turkar rago biyu kowace shekara kafin Layya, da rabonta na ƙarshen zagaye wanda ba ta taɓa kashe ko dala a ciki ba. Ɗanta da ke aiki Agadas ya cika mata sauran. Ƙanenta zai raka ta. Sai aka aiki jikanta, yaro mai waya, ya je ajans a Maraɗi ya tambayo kuɗin jirgi.

Yaro ya dawo da farashi biyu. Ɗaya daidai da kuɗin hannun Gwaggo. Ɗayan ya fi shi da jika 85, amma in ji yaron, wannan kamfani yana ba da kati, duk tafiyar da aka yi sai a zuba maki a ciki, in sun taru a ba mutum tikiti kyauta. Ya ce mata: "Kaka, sai ki koma Makka karo na biyu ba ki biya ko tamma ba."

Ranar zubi, bayan an ƙirga kuɗi, Gwaggo ta gyara zama ta ce: "Ɗiyana, ku ranta mini jika tamanin da biyar in cika. Ni kam sau ɗaya ya ishe ni. In Allah ya sa ta kyautar ta samu, wata cikinku za ni ba ta tahi."

Wuri ya yi tsit. Abin da ke akwati na bashi a ranar bai wuce jika 100 ba, kuma mata biyu sun riga sun kama layi, za su sayi gyaɗa tun tana da araha. Duk mai matsar mai ta san in ba ta saye ta da kaka ba, bayan wata uku tiya ta hau, riba ta tafi. Dokarmu kuma ta ce bashi na sana'a ne ko na rashin lafiya. To amma wa zai dubi idon Gwaggo ya ce a'a, alhali ba don kanta ma take nema ba? Sai wata tsohuwa daga baya ta ce: "Banza ba ta kai zomo kasuwa. A tahi a tambayo wadda ta san jirgi." Aka yi na'am. Gwaggo tana da ɗiyar ƙane a Maraɗi, Hajiya ƴar kasuwa, mai zuwa Dubai da Jidda sau huɗu ko biyar a shekara. Aka ce mu raka Gwaggo wurinta, shugaba don ta iya karatu da rubutu ta rubuto abin da aka ce, ma'ajiya don lissafi.

Kafin wata ta tambaya: kuɗin mota ba daga akwati ya fito ba. Mun ɗauki jarka huɗu ta man gyaɗar ƙungiya da buhun ƙuli-ƙuli na sayarwa, ribarsu ta biya na mutum ɗaya, Hajiya ta biya na ɗayan. An rubuta komai a littafi.

Ɗakin Hajiya a Maraɗi

Mun hau mota da sassafe, sanyi na busawa, kowa ta duƙunƙune cikin mayafi. Gonaki duk an girbe, sai karan gero tsaye da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Gawo ya yi kore shar kamar yadda ya saba da rani. Idan kun lura da hanyar nan, itatuwa sun fi na lokacin ƙuruciyarmu yawa a gonaki, albarkacin sassaben zamani da manoma suka runguma. Muka bi hanyar Dakoro zuwa kudu har Tsibiri, garin Sarkin Gobir, kafin hantsi ya yi zafi muna cikin hayaniyar Maraɗi.

Ɗakin Hajiya rabi ɗaki ne rabi kanti. Abayoyi cikin leda har kusa da rufi, kwalayen turare, takalma, agogon bango. Bayan sallar isha'i da cin tuwo, muka faɗa mata abin da ya kawo mu. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce: "Gwaggo, yaron nan bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya jiyo. Katin nan kyauta ne. Kusan kowane babban kamfani yana da nashi, har da mai arahar da kunka bari. A waya ake buɗe shi, ba a biyan komi."

Ta ce mu ɗauke shi kamar gyara. Ka sayi tiya goma ta gero, mai awo ya ƙara maka cikin hannu ɗaya don gobe ka dawo wurinsa. Kamfanonin jirgi ma haka suke. Wani kamfanin Amurka, American Airlines, yana cikin waɗanda suka fara abin a 1981, sauran suka bi. Makin da suke zubawa suna ce masa mil, da sunan ma'aunin tafiya, mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan. Wasu nisan tafiya suke lissafawa, wasu kuɗin da aka biya.

Nan ma'ajiya ta jawo littafinta ta ce a yi lissafi a gabanta. Daga Yamai zuwa Adis Ababa ta ƙasar Habasha kusan kilomita 4,000 ne. Daga can zuwa Jidda kusan 1,400. Zuwa da dawowa ya kama kusan mil 7,000. Hajiya ta ce to, tikiti mai araha ba a cika ba shi makin duka ba, wani rabi, wani ma ƙasa da haka, ya danganta da ajin tikitin. Tikitin kyauta na doguwar tafiya irin wannan kuwa, maki dubu-dubai yake ci, dubu goma-goma har sau da yawa. Kuma makin ba su zama har abada. Wasu kamfanoni shekara 3 suke ba su, in ba a yi amfani da su ba su mutu.

Ma'ajiya ta ɗago kai ta ce: "Ke nan sai Gwaggo ta yi ta zuwa Umra kai da kai cikin shekara uku kahin ta samu ta kyauta guda?" Hajiya ta ce: "Haka ne, Yaya. Kuma ranar da ta samu, harajin hilin jirgi da sauran caji sai ta biya da kuɗi. Kujerun kyauta kuma kaɗan ake warewa cikin jirgi, lokacin azumi da kowa ke son tahiya da wuya a same su."

Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce: "Ashe shekara bakwai na yi ina tara ta hwarko." Ba wanda ya ƙara mata bayani, ita da kanta ta ce a bar maganar jika 85.

Da mun so, nan labari ya ƙare. Amma muna da ƴan ƙungiya da ƴaƴansu ke karatu waje, da masu miji ko ɗa ɗan kasuwa, wasu cikin ƙungiyoyin Maraɗi ma sun fara fita sarin kaya da kansu. Saboda haka muka ce Hajiya ta faɗa mana yadda ita mai yawan tafiya ta zaɓi nata katin.

Ta buɗe jaka ta fito da kati uku. Ta ce shekarunta na farko duk jirgin da ta hau sai ta buɗe katinsa, ta ga ai kyauta ne. Nan maki kaɗan, can kaɗan, ba wanda ya isa komai. Rannan ta duba ɗaya daga ciki, ta tarar wa'adi ya wuce, an share abin da ta tara na tafiya uku. Ta ce: "Kamar mace ce ta shiga asusu biyar tana zuba dala-dala, ranar rabo ko'ina ba ta samu na sayen akuya ba. Daga ranar na tattara wuri ɗaya."

Wane wuri? Ta ce ba ta dubi wanda ya fi daɗin talla ba, hanyarta ta duba. Ƴan kasuwar Maraɗi filin jirgi biyu gare su: na Yamai, mai nisan kilomita fiye da 600, da na Malam Aminu Kano, wanda ya fi kusa in an bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Ita da ta Kano ta fi bi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, dole ta koma tashi daga Yamai. Allah ya taimake ta, jirgin Habasha, Ethiopian Airlines, yana sauka Kano yana sauka Yamai, daga Adis kuma akwai hanyar Dubai da ta Jidda. Katinsu ShebaMiles ne, shi ta riƙe. Ƙawarta mai sarin kaya a Istanbul ta riƙe Miles&Smiles na Turkish Airlines, don shi ne hanyarta. Wanda ɗansa ke karatu Maroko, Royal Air Maroc ke kai shi Kasabalanka, katinsu Safar Flyer. Masu zirga-zirgar bakin teku kuma akwai ASKY mai cibiya a Lome, da Air Côte d'Ivoire ta Abijan, kowa da nasa. Ba talla muke yi wa kowa ba, misali ne na yadda kati ke bin hanya.

Ta ƙara mana wani abu da ya yi kama da namu. Kamar yadda ƙungiyoyin Mata Masu Dubara ke haɗuwa cikin rezo, haka kamfanonin jirgi suka haɗu tarayya-tarayya. Jirgin Habasha da na Turkiyya da EgyptAir na Masar suna cikin Star Alliance. Royal Air Maroc da Qatar Airways suna cikin oneworld. Air France da Saudia da Kenya Airways suna cikin SkyTeam. In kana da katin ɗaya, ka hau ɗan tarayyarsa, sau da yawa za ka iya ba da lambarka a zuba maka wuri guda, in ajin tikitin ya yarda. Don haka ba sai an buɗe kati biyu cikin tarayya ɗaya ba.

Muka tambaye ta, to ita me ta fi amfana da shi? Ta nuna kwalayen da ke bayanta. Ta ce mai yawan tafiya cikin shekara ana ɗaga masa matsayi, daga ƙaramin kati zuwa na azurfa, zuwa na zinariya. Da ta kai babban matsayi aka ƙara mata jaka ɗaya bisa wanda tikiti ya ba ta. Ga mai sarin kaya, jaka guda ta kilo 23 a kowace dawowa kuɗi ne tsaba. Amma matsayin ma ba gado ba ne, in tafiya ta ragu sai a sauke ka.

Ma'ajiyarmu, da yake kanta ba ya barin lissafin taro, ta ce: "To mi zai hana mu buɗe kati ɗaya da sunan ƙungiya, duk wadda ta tahi a zuba ciki?" Hajiya ta ce ba ya yiwuwa. Sunan da ke kan kati dole ya zama shi ne kan tikiti da fasfo, harafi da harafi. Wasu kamfanoni suna barin ƴan gida ɗaya su haɗa nasu, kuma mai maki yana iya cire wa wani tikiti da su, amma wanda ya zauna kan kujera shi ake zuba wa. Hajji kuwa, wanda hukumar COHO ke tsarawa, ba maniyyaci ke zaɓen jirgi ba, saboda haka kada wata ta sa wannan cikin lissafin kujerarta.

Washegari muka je ajans tare da Hajiya, aka yanki tikiti mai arahar, ta hanyar Adis. A nan take ta buɗe wa Gwaggo kati a waya, muka duba sunan sau biyu da fasfo a hannu, aka sa lambar cikin tikitin. Ita ma Hajiya tana da tafiya Dubai cikin watan, sai ta daidaita ranarta da tasu don su hau jirgi ɗaya har Adis. Ta ce mu zo mu raka su Yamai, tana da mai sayen manmu can da farashin da ya fi na Maraɗi.

Hanyar Yamai

Ɗayarmu ta taɓa zuwa Yamai sau ɗaya, ɗayar ba ta taɓa wuce Ƙonni ba. Babbar mota ta tashi da mu da asuba. Muka koma ta Tsibiri, muka wuce Gidan Rumji gari bai gama wayewa ba. Daga Madawa zuwa Galmi ido ya huta da launin kara, fadama ta yi kore da albasa, maza sun duƙufa ban ruwa. Albasar nan ta Galmi ita ce ake lodi har Gana da Kodebuwa. Muka hangi masana'antar siminti ta Malbaza, muka wuce mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, aka tsaya Birnin Ƙonni, ƴan canji da damin naira a hannu suna kiran mutane, masu tsire da masu ƙwai sun kewaye mota.

A nan muka ga irin gyaran da muka kwana muna magana. Wata mai lemu ta ce in mun sayi na ɗari biyar za ta ƙara mana biyu. Ma'ajiya ta ƙirga, ta leƙa tiren maƙwabciyarta, ta ga waccan ba ta gyara amma kashinta ya fi da uku. Muka dubi juna muka yi dariya, Gwaggo ta ce: "Kun ga jika tamanin da biyar ɗina nan cikin tire."

Bayan Ƙonni tafiya ta miƙe. Duwatsun Dogon Dutsi jajaye suka bayyana, masu kai a shafe kamar an yanke da wuƙa. Daga Doso kunne ya fara jin Zabarmanci ya fi Hausa yawa a tasha. Kusa da Kure yaron mota ya ce mu sa ido ko za mu ga raƙuman dawa, don nan ne mazauninsu. Mun zuba ido har wuya ya gaji, Allah bai nufa ba. Rana ta yi ja muka shiga Yamai, kuma abin da ya fara tarbar mu ta wannan hanya shi ne katangar filin jirgin kansa. Wani jirgi ya taso ta samanmu, Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati.

Mun kwana biyu gidan wata ƴar uwar Hajiya. Muka sayar da mai da ƙuli-ƙuli, aka kai mu muka ga kogi daga kan gadar Kennedy, ruwa shimfiɗe ga masu kwale-kwale da lambuna a gefe. Mu da muka saba jan guga mai igiya doguwa, mun daɗe tsaye muna kallo.

Daren tafiya Hajiya ta fito da ɗan sikelin ratayawa ta auna jakunkuna. Tikitin Gwaggo ya ba ta jaka biyu, kowace kilo 23. Tata ɗaya ta haura, saboda ta cusa garin kunu da yaji da ƙuli-ƙuli kamar mai ƙaura. Aka rage aka mayar cikin ta ƙanenta. Hajiya ta ce kuɗin kilon da ya haura yana iya cinye duk wata gyara da kamfani zai ba ka, saboda haka mai neman tikiti ya tambayi kilo kafin ya tambayi maki.

Bakin filin jirgi

Filin jirgin Diori Hamani sunan shugaban ƙasarmu na farko yake ɗauke da shi. An sabunta shi a 2019, gab da taron Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai. Gini ne mai gilashi da fitilu, ƙasa na sheƙi. Muka tsaya inda ƴan rakiya ke tsayawa. Ga ƴan Umra cikin fararen kaya, ga ƴan kasuwa da manyan jakunkuna wofi da za su ciko, ga ɗalibai da iyayensu ana ta nasiha.

Muna jira, wani dattijo da ya rako ɗiyarsa ya ji muna maganar kati, ya sa baki. Ya ce shi ya hau Air Afrique a zamaninsa, kamfanin da ƙasashenmu suka haɗu suka kafa a 1961, har da Nijar. Wa ya zaci zai mutu? A 2002 ya durƙushe. Hajiya ta ce ba ma sai an je nesa ba: Air France ya daina zuwa Yamai tun Agusta 2023, har ranar da muke tsaye wurin bai dawo ba. Wanda ya tara makinsa can, makin suna nan, amma jirgin da zai hau da su daga ƙofar gidansa ya yi nisa.

Ma'ajiya ta jinjina kai. Ta ce akwatinmu makulli uku gare shi, a hannun mata uku, ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Doka in za a canza ta, sai an zauna an yarda. Wannan asusu na jirgi kuwa, akwati nasu, makulli nasu, littafi nasu. Suna iya cewa tikitin da ake ba da shi kan maki kaza bana, baɗi sai an ƙara. Hajiya ta ce shi ya sa ba ta ajiye maki kamar dukiya, da sun isa abin amfani take kashe su.

Aka kira masu tafiya. Gwaggo ta riƙe hannuwanmu ta ce mu yafe mata, mu gaida ƴan ƙungiya, za ta yi wa kowa addu'a da sunanta. Muka ce Allah ya kai lafiya ya karɓi ibada. Hajiya ta ja ta suka shige, muna hangen farin mayafinta har ya ɓace cikin mutane. Ba mu bar wurin ba sai da muka ji tashin jirginsu.

Abin da muka kawo gida

A zubin da ya biyo baya muka karanta wa ƙungiya abin da muka rubuto. Ga shi a taƙaice, don wadda ita ko wani nata zai hau jirgi:

1. A fara duba kuɗin tikiti, da kilon kaya, da tsawon jira a hanya. Kada a ƙara kuɗi don maki.
2. In tikiti ya samu, a buɗe katin kamfanin tun da kyauta ne, suna daidai da na fasfo, a ba da lambar tun wurin yanka. A adana guntun takardar shiga jirgi har a ga makin sun shiga.
3. Mai yawan tafiya ya riƙe kati ɗaya, na jirgin da ke tashi daga inda yake tashi zuwa inda ya saba zuwa, ya kuma san ƴan tarayyarsa.
4. A tambayi wa'adin mutuwar maki, a rubuta ranar.
5. In sun isa abin amfani, a yi amfani da su.

Mun san yawancinmu ba jirgi ne gabanmu ba. Amma da muka gama karantawa, mata suka fara kawo nasu. Wata ta ce tana da layin waya uku, kowane tana sa masa kuɗi don kyautar minti, kyautar kuma ta ƙare cikin kwana biyu ba ta kira kowa ba. Wata ta ce shekara biyu tana sayen gyaɗa wurin mutum ɗaya a kasuwarmu don yana cika mata hannu, sai da ta auna a gida ta gane gindin tiyarsa a lotse yake. Wata kuma ta ce nata mai awon tiyarsa cikakkiya ce, farashinsa na kasuwa, in ta rasa kuɗi yana jiranta har mako, kuma yana gyara. Aka ce to wannan a riƙe shi da kyau. Muka yanke shawara ƙungiya ta sayi tiya ɗaya tata, duk mai zuwa sari ta ara ta tafi da ita.

Jika 85 ɗin nan ta tafi inda aka tsara tun farko. Matan nan biyu sun sayi gyaɗarsu da arahar kaka, sun fara biya, ɗaya ma ta gama.

Gwaggo ta dawo lafiya bayan mako biyu da ƴan kwanaki, da dabino da ruwan Zamzam da tasbaha ga kowace ƴar ƙungiya. Labarin Adis kaɗai, da sanyinta, da matakalar da ke tafiya da kanta, ya ci mana zama guda. Jikan nan nata ya duba waya ya ce makinta sun shiga, dubu uku da wani abu. Ta ce: "A tambayo mini ko suna sayen tiyar gero." Aka ce ba su saye. Ta ce to a bar su nan, in Hajiya na da dabarar amfani da su kafin su mutu ta yi. A ranar ta zuba nata na mako, ta ce ta fara tarin kuɗin rufin ɗakinta kafin damina.

Muna roƙon ƙungiyoyin Kornaka da Dakoro da na Maraɗi, in akwai wadda ta taɓa cin moriyar irin wannan kati, ko ta yi asara a kansa, ta aiko da labarinta a buga mu ƙaru. Allah ya sa albarka cikin zubinmu, ya kai mai niyya ɗakinsa. Sai fitowa ta gaba.

Daga shugabar ƙungiya, Sabon Maci.